Yabon Ubangiji Ba Ciniki Ba Ne

Sharhinmu na yau a kan yabon Allah ne, da irin aikin da yake yi a cikin ran mai bi.

Duk wanda ya kwana a Kafanchan daren Asabar, ba sai an faɗa masa cewa gari ya waye Lahadi ba. Tun hantsi bai ɗaga ba ganguna sun fara amsa wa juna daga wannan unguwa zuwa waccan, na ECWA suna yi, na Katolika suna yi, na Angilikan da Baftis da sababbin majami'u kowa da nasa salon. Mu mutanen kudancin Kaduna ba a koya mana waƙa. Mun iya ta a gona, mun iya ta a biki, mun iya ta a makoki. Tambayar da ta fi wuya ita ce, idan an nannaɗe wayoyin lasifika, an kulle ƙofar majami'a, kowa ya kama hanyar gida, me ya rage a zuciya? Me mutum zai tashi da shi ranar Litinin?

Zan fara da wata koyarwa da ta yi mana yawa a 'yan shekarun nan. Za ka ji mai jagorar waƙa yana cewa a ɗaga murya, a taka rawa da ƙarfi, domin kafin ƙarshen wata mota za ta zo, aiki zai samu, miji zai fito. Wato yabo ya zama kuɗin da ake biya a karɓi kaya. Mu kuwa a ƙasar nan mun san wannan sana'a sarai. Mun san maroƙi. Yakan tsaya a ƙofar attajiri, ya yi masa kirari, ya ambaci kakanninsa, ya kai shi inda bai taɓa kai kansa ba, amma idonsa yana kan aljihu. In aka ba shi ya ƙara murya, in aka hana shi ya juya kalangunsa ya nufi gida na gaba, wani lokaci ma da zambo a bakinsa. Wanda ya ɗauki yabon Allah a haka, ranar da abin da ya roƙa bai zo ba, ranar ce waƙarsa za ta mutu. Mun kuwa ga 'yan'uwa da yawa da suka daina zuwa sujada, ba don sun bar gaskata akwai Allah ba, sai don an yi musu alkawari da sunansa wanda shi bai yi ba.

A duba labarin da aka fi kafa hujja da shi, a Ayyukan Manzanni sura 16. Bulus da Sila suna birnin Filibi. An tuɓe su, an yi musu dukan tsiya, an jefa su can cikin ƙuryar kurkuku, an sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo, sauran fursunoni suna kasa kunne. Ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, sarƙoƙi suka kwance. A nan yawancin masu wa'azi suke tsayawa, jama'a su yi sowa. To amma a ci gaba da karatu. Da ƙofar ta buɗe, ba su fita ba. Yarin kurkukun ya farka, ya ga ƙofofi a buɗe, ya zaro takobi zai kashe kansa don ya ɗauka fursunoni sun tsere, sai Bulus ya ƙwala masa kira ya hana shi. Da a ce don ƙofa ta buɗe suke waƙa, ai da tuni sun yi nisa. Zamansu ya nuna cewa tun kafin girgizar ƙasa, wani abu ya riga ya kwance a cikinsu. Tsoro ya sake su, ƙiyayya ma ta sake su, har suka iya tsayawa su ceci ran mutumin da ya ɗaure su. A daren nan yarin ya wanke musu raunuka, aka yi masa baftisma shi da iyalinsa.

Ribar yabo ta farko ke nan, kuma a ganina ita ce uwar sauran. Yabo ba ya ƙara wa Allah komai. Bai ragu ba ranar da muka yi shiru, bai ƙaru ba ranar da muka cika majami'a. Mu ne muke canjawa. Damuwa tana da wata ɗabi'a, in ta shiga zuciya sai ta cika ko'ina, har mutum ya kwana ya tashi ba ya ganin komai sai ita, bashi, kuɗin makaranta, ciwon da ya ƙi jin magani, ɗan da ya ƙi jin magana. Ko addu'a ya durƙusa zai yi, lissafin damuwar yake maimaitawa. Amma sa'ad da ya buɗe baki ya fara faɗin wanene Allah, mahaliccin sama da ƙasa, mai aminci, mai jinƙai, wanda ya ta da Yesu daga matattu, sai kowane abu ya koma matsayinsa. Bashin yana nan, ba a biya ba. Amma ya daina zama sarki a cikin zuciyar. Mutumin ya sami sararin numfashi, ya sami natsuwar da zai yi tunani, ya yi wa matarsa magana da ladabi, ya fita neman mafita da hankalinsa a jikinsa.

Manomanmu na citta sun san wannan fiye da ni. A daminar 2023 wata cuta ta faɗa wa citta a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye, ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa. Mutanen da suka ci bashi suka sayi iri da taki, suna lissafin aurar da 'ya da rufin ɗaki, suka tona suka tarar da ruɓa. Da kaka ta zo, ranar godiya ta zagayo a majami'u, me mutum zai riƙe ya taka rawa zuwa gaban bagadi? Littafi Mai Tsarki bai bar irin wannan manomi ba amsa ba. Annabi Habakuk, a ƙarshen littafinsa, ya jera asara ɗaya bayan ɗaya, ɓaure bai yi toho ba, inabi da zaitun ba su ba da komai ba, gonaki sun gaza, garke ya watse, sa'an nan ya ce duk da haka shi zai yi murna da Allah mai cetonsa. Bai ɓoye asarar ba, ya kira ta da sunanta. Abin da ya ƙi shi ne ya bar ta ta yanke hukunci a kan halin Allah. Manomin da ya iya wannan, cuta ta ci masa gona, amma ba ta ci masa zuciya ba, kuma shi ne za ka gani ya sake ɗaukar fartanya da damina ta dawo.

Ga kuma abin da ya fi asarar gona ciwo, wanda ba zan iya yin wannan sharhi in kewaye shi ba. Ƙasarmu ta sha jini. Rikicin watan Maris na 1987 daga Kwalejin Ilimi ta nan Kafanchan ya tashi, ya bazu har Kaduna da Zariya da Funtuwa. Zangon Kataf ta ga nata a 1992. Bayan zaɓen Afrilun 2011 kasuwar Kafanchan ta ƙone, aka yi asarar rayuka a nan da Zonkwa da wasu garuruwa, Kirista suka yi kuka, Musulmi suka yi kuka. A jajibirin Kirsimeti na 2016 aka kai hari Goska. A watan Yulin 2022 aka sace Fada John Mark Cheitnum, aka kashe shi. A ranar 7 ga Satumban 2023 aka cinna wa gidan limamin Katolika wuta a Fadan Kamantan, ɗalibin makarantar horon limamai Na'aman Danlami ya rasu a ciki. Waɗannan sunayen da duniya ta ji ne. Waɗanda ba a ji ba, a ƙauyukan Kaura da Kauru da Sanga da Kajuru, iyalansu ne kaɗai suke riƙe da su.

Wanda bai san mu ba, in ya zo zaman makoki a irin wannan lokaci, zai yi mamaki. Zai tarar da iyayenmu na Zumuntar Mata sun ɗaura ankonsu, sun zauna kewaye da matar da aka kashe wa miji, suna buga tulu, suna kaɗa caki, suna waƙa har dare ya raba. Zai iya cewa mutanen nan ba su san zafin mutuwa ba ne? Sun sani. Da yawa daga cikin masu waƙar su ma sun binne nasu. Abin da suke yi shi ne riƙe wa 'yar'uwarsu bangaskiya a lokacin da hannunta ba zai iya riƙewa ba. Ita ba ta iya buɗe baki, to su sun buɗe a madadinta. Suna tuna mata, suna tuna wa kansu, cewa mai bindiga ba shi ne da magana ta ƙarshe a kan mamacin nan ba, akwai tashin matattu, akwai ranar shari'a, kuma mai shari'ar ba ya karɓar toshiya.

Ina roƙon matasanmu su saurari wannan da kyau. Zuciyar da aka zalunta ba ta zama fanko. Dole wani abu ya cika ta. In ba a cika ta da tuna girman Allah da adalcinsa ba, ɗacin rai ne zai cika ta, shi kuwa ɗacin rai ba ya tambayar wa ya yi laifi. Shi ne yake sa a tare hanya a huce a kan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, a ƙone rugar da ba ta da hannu, a juya wa maƙwabcin shekara talatin baya. Mutumin da ya saba tsayawa gaban Allah yana shaida cewa shi ne mai sakayya, da wuya ya fito daga nan ya ɗauki adda. Ban ce ba a taɓa samu ba. Amma duk inda aka samu, a bincika, waƙar a leɓe ta tsaya, ba ta gangara ciki ba.

Kada kuma wani ya ji wannan ya ɗauka ana cewa a yi waƙa a manta da haƙƙi. A koma Filibi. Da gari ya waye mahukunta suka aiko a sallami Bulus da Sila a ɓoye, Bulus ya ƙi. Ya ce an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, alhali su 'yan ƙasar Roma ne, sai dai mahukuntan su zo da kansu su fitar da su. Suka kuwa zo, suka ba da haƙuri. Bakin da ya yi yabo da tsakar dare, shi ne ya nemi haƙƙi da safe. Marigayi Bishop Joseph Bagobiri, bishop na farko na ɗariƙar Katolika a Kafanchan tun daga 1995 har rasuwarsa a 2018, ya jagoranci sujada, ya kuma faɗa wa gwamnati gaskiya a kan kashe-kashen yankin nan ba tare da rawar murya ba. Yabo yana wanke neman haƙƙi daga ƙiyayya, ba ya soke shi.

Haka kuma ba ya hana kuka. Wannan ina faɗa wa masu zuwa ta'aziyya suna tsawata wa mai makoki, wai mai bi ba ya zub da hawaye. Wa ya ce? Zabura 150 ne a Littafi Mai Tsarki, littafin waƙoƙin mutanen Allah, kuma kaso mai yawa a cikinsu koke-koke ne. Masu rubuta su sun tambayi Allah dalilin shirunsa, sun tambaye shi har yaushe. Zabura ta 88 ma da duhu ta fara, da duhu ta ƙare, amma ba a cire ta daga littafin ba. Wanda ya kai kukansa gaban Allah ya riga ya girmama shi, domin ba ka kai ƙara sai inda ka san akwai mai iko da mai ji. Ubangijinmu Yesu kansa ya yi kuka a kabarin Li'azaru. A daren da aka bashe shi kuma, Matiyu da Markus sun rubuta cewa bayan jibi shi da almajiransa sun yi waƙa kafin su fita zuwa Dutsen Zaitun. Ya san abin da ke jiransa, ya yi waƙar, ya tafi, ba a kuwa ɗauke masa gicciyen ba.

Akwai wata riba da mu mutanen wannan yanki ya kamata mu fi kowa saninta, domin da ita aka raine mu. Mishan na SIM sun kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya suka zo Kagoro, inda makarantar Littafi Mai Tsarki ta girma ta zama babbar makarantar tauhidi ta ECWA. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Amma a wancan zamani mutum nawa ne a ƙauye suka iya karatu? Kakanninmu mata da yawa ba su taɓa riƙe alli ba, duk da haka sun san labarin Yusufu da 'yan'uwansa, sun san Daniyel a ramin zakoki, sun san ɗan da ya ɓata ya komo, sun san gicciye da kabari marar kowa. A ina suka koya? A Littafin Waƙoƙi, da waƙoƙin da Zumuntar Mata suka tsara da kansu, mai bayarwa ta bayar, saura su amsa. Wasu mishan na farko sun yi ɗari-ɗari da ganga da rawa, suna ganin kayan tsafi ne. Iyayenmu ne da haƙuri suka shigo da tulu da kuge da muryar ƙasa cikin sujada, suka nuna cewa Allah yana jin yabo da kayan gida. Daga baya, tun shekarun 1960, ƙungiyoyin Sabon Rai Don Kowa suka ɗauki bishara a waƙe, suna bin ƙauye ƙauye da kasuwa kasuwa. Abin da aka ji a wa'azi yakan shuɗe kafin Laraba. Abin da aka rera yakan bi mutum gona, ya bi shi rafi, ya bi shi har gadon asibiti. Masu jinyar tsofaffi za su ba da shaida, tsohuwar da ta manta sunan jikanta, in aka ɗauko mata waƙar da ta koya tana budurwa, sai ka ji ta kama.

Sa'an nan a dubi yawanmu. Atyap, Bajju, Ham, Agworok, Fantswam, Asholio, Gwong, Ninzo, Adara, Atakad, Anghan, kowa da harshensa, kowa da sarautarsa, wani lokaci ma da tsohuwar jayayyar iyaka tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ga Ibo da Yarbawa da sauran baƙi da jirgin ƙasa ya tara a Kafanchan tun shekarun 1920. A taron siyasa kowa yakan ja nasa. Amma a ɗauko waƙar yabo guda da Hausa a babban taron Zumuntar Mata, sai ka ji dubban muryoyi sun zama ɗaya, a juya zuwa Jju ko Tyap ko Hyam, wanda ba ya jin harshen ma ya kama amshi. Da wuya ka raina mutumin da ka tsaya kafaɗa da kafaɗa da shi kuna durƙusar da zuciya gaban Ubangiji ɗaya.

To amma gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Ba kowace ƙara ce yabo ba. Annabi Amos, a sura 5, ya isar da saƙo mai nauyi, Allah ya ce a kawar masa da hayaniyar waƙoƙin mutanen da suke tattake matalauta, ba zai saurari kiɗansu ba, abin da yake nema shi ne adalci. Mai awon da ya rage mudu ranar kasuwa, ma'aikacin da ba ya sa hannu sai an ba shi na goro, mijin da ya mari matarsa da safe sa'an nan ya zo ya riƙe makirfo, ɗan mawaƙan da ba ya gaisawa da ɗan'uwansa saboda an ba wancan jagorar waƙa, dukansu su sani cewa Allah zuciya yake saurara kafin murya. Akwai kuma matasan da suke cika majami'a lokacin kiɗa, da Baba Fasto ya hau mumbari sai su sulale waje su kama waya. Wanda yake ƙaunar yi wa Allah waƙa amma ba ya son jin maganarsa, ya tambayi kansa ko wa yake yi wa waƙar.

Da batun lasifika. Ina faɗin wannan da girmamawa ga shugabanninmu. Majami'a mai mutum arba'in ba ta bukatar ƙahon da za a ji a unguwa uku, balle a kwanan addu'a da ƙarfe 2 na dare. A bayan katangar nan akwai jariri, akwai mai hawan jini, akwai ɗalibi mai jarrabawa, akwai maƙwabci Musulmi da zai tashi sallar asuba. Shi ma ya san hamdala, ya san tasbihi, ya san mene ne bawa ya girmama Mahaliccinsa. Idan yabonmu ya hana shi barci, ba mu jawo shi ga ganin kyawun Almasihu ba. Fursunonin Filibi da kansu suka kasa kunne, ba wanda ya tilasta musu.

A Luka sura 17 kutare goma Yesu ya warkar. Ɗaya ne ya komo yana ɗaukaka Allah, shi ma Basamariye, baƙo. Tara ɗin ba a janye musu lafiyarsu ba, sun tafi da ita. Amma shi wanda ya komo ya faɗi a gaban mai warkarwar, ya ga fuskarsa, ya ji kalmar ceto daga bakinsa. Sauran sun sami kyauta, shi ya sami mai kyautar. Duk abin da na faɗa tun farkon shirin nan, natsuwa, kariya daga ɗacin rai, sanin Magana, zumunci, daga nan suke ɓuɓɓugowa. Hausawa sun ce yabon gwani ya zama dole. Allah ya cancanci yabo ko da ba mu ci ribar komai ba, amma cikin alherinsa ya sa duk wanda ya matso don ya yabe shi, ba ya komawa yadda ya zo.

Lokaci ya ja, sai in miƙa roƙona. Shugabannin mawaƙa, kafin ku koya wa jama'a sabuwar waƙa, ku zauna da fasto ko katikis ku auna kalmominta da Littafi Mai Tsarki, ku tabbata Allah take ɗaukakawa, ba bukatunmu ba. Matasa masu jita da madannai, ku je wurin iyayenmu na Zumuntar Mata ku ɗauki tsofaffin waƙoƙinsu a waya tun suna da rai, na Hausa da na harsunanmu. Dattawan ikkilisiya, a rage ƙarar lasifika da dare. Ku kuma iyaye, kada ku bar yabo sai Lahadi. Gobe da asuba, kafin kowa ya taɓa waya ko ya ɗauki fartanya, ku tara yara, ku karanta Zabura guda, ku rera waƙa guda, kowa ya faɗi abu ɗaya da Allah ya yi masa, sa'an nan a shiga roƙo. Wanda kuma yake cikin makoki a daren nan, bakinsa ya yi nauyi, 'yan'uwa na kusa da shi ku je ku zauna tare da shi, ku rera masa.